Gwaggo Mai Yanke Ƙarshen Labari

Tun ranar da aka kai Gwaggo makwancinta nake jin yabo iri ɗaya, har kunnena ya gaji. Mata su shigo gidanta na unguwar Wambai, su zube a tabarma, su ce Allah Ya jiƙanta, mace ce mai gyara aure. Maza a ƙarƙashin rumfa su ma haka, wai duk matar da ta yi yaji ta zo gidan nan sai ta koma ɗakinta. Wani dattijo da ya taso tun daga Sabon Wuse ya shigo yi wa mata gaisuwa, har da share hawaye da bakin riga. Ya ce shekara talatin da takwas ta yi da mijinta, ko sau ɗaya ba a taɓa zuwa bikonta ba, irin matan nan sun ƙare. Na ce amin, na miƙa masa ruwa. A raina kuwa cewa nake, da tana ji, da ta sauke tabarau kan karan hanci ta tambaye shi wa ya ba shi labari.

Mutum ɗaya ce ta faɗi abin da ya yi kama da Gwaggon da na sani. Maman 'yan biyu ce, 'yar Kudu mai sayar da kayan roba, wadda ta daɗe tana haya a layin. Ta shigo da kular shinkafa, ta zauna kusa da ni tana kuka tana dariya lokaci guda.

"Mama no dey tell person go, she no dey tell person stay," in ji ta. "Lokacin da ni da oga muka yi faɗa, nan na kwana. Abinci ta ba ni, ta karanta min littafi, ta kai tsakiya ta rufe. Na ce Mama, finish am now! Ta ce ni in finish. Ka ji mata fa!"

Matan da ke kusa suka kalle ta kamar ta yi saɓo. Ni kuwa a lokacin ne hawayena na farko ya zubo.

Ina rubuta wannan ne don kada yabon mutane ya binne ta karo na biyu. Yayar babana ce, malamar adabi a wata sakandaren 'yan mata har ta yi ritaya. Kuma a duk duniya babu wanda ya taɓa ƙure min haƙuri kamarta. Ina sonta, amma ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba.

Gwaggo tana da kabad cike da tsofaffin littattafan gajerun labarai, na Turanci da na Hausa, bangonsu duk ya sha ɗinki da zare. Duk labarin da ya shafi matar aure a cikinsu, za ka tarar shafin ƙarshe babu. Reza take sawa ta yanke shi tsaf. Wani lokaci farkon labarin gaba ya tafi tare da shi, ko a jikinta. Ina da shekara goma sha biyu na fara cin karo da wannan ɗanyen aikin. Na kai inda labari ya yi daɗi, na juya, sai na ga wani labarin daban.

"Gwaggo, ɓera ya ci littafinki."

"Ɓeran ne ya iya yanka a miƙe haka?"

"To ina ƙarshen?"

"Ke a ina za ki tsaya?"

Wannan tambayar ta bi ni shekara talatin. Na yi kuka, na yi fushi, na ƙi cin abinci, na yi mata wanki ba ta sa ni ba don ta ji tausayina. Ko gezau. In ka matsa mata, sai ta gyara zama ta yi maka darasin da ba ka nema ba.

"Marubutan nan na da sun iya gugar zana," haka take cewa. "Za su nuna miki miji yana yabon matarsa, kina karantawa kina jin yadda yabon ke shaƙe ta. Har nan ina tare da su. Amma da zarar matar ta leƙa waje ta shaƙi iska, sai hannunsu ya kama rawa. Ko su kashe ta, ko su haukata ta, ko su mayar da ita madafa. Sun ga gaskiya, sun ji tsoronta. Ni ba zan ba 'ya'yan mutane tsoron wani su kwana da shi ba."

Da a gida kawai ta tsaya, da da sauƙi. Littattafan makaranta ma ba ta ƙyale su ba. Wata shekara wani malami ya fitar da jarrabawar ƙarshen zango, ya tambayi yadda wani labari ya ƙare. 'Yan ajin Gwaggo kowa ta rubuta nata ƙarshen, babu biyu da suka zo ɗaya. Shugabar makaranta ta kira ta ofis, ta zube mata takardun a tebur.

"Malama, kin ga abin da kika jawo? Kowace yarinya da nata."

"Alhamdu lillahi," in ji Gwaggo, "ashe suna da kai."

Mutane suna ba da wannan labarin suna dariya. Ni ba na dariya, domin ina cikin ajin. Ban ci tambayar ba, babana ya yi mini faɗa har maƙwabta suka ji, ita kuwa tana zaune a gefe tana tsintar wake.

Sai ɗakin. Mijinta ya gina shi a gefen zaure da niyyar ya zama shago, ita ta lallaɓa ta karɓe shi. Abu na farko da ta yi shi ne kiran kafinta. Ta sa ya cire maƙalin kwaɗo na waje, ya kafa sakata daga ciki. Katifa ɗaya, tabarmar salla, buta, da ɗan teburin da take ajiye littafi. Duk matar da zama ya yi wa zafi a danginmu, daga baya har da na unguwa, nan take zuwa. Ƙa'idar Gwaggo ɗaya ce kuma kowa ya san ta: kwana bakwai babu maganar biko. Ko wane ne kai, a zaure za ka tsaya, a ba ka ruwa, ka koma. Bayan kwana bakwai ma, sai in mai ɗakin ta zare sakata da hannunta.

Mijin Gwaggo, Allah Ya jiƙansa, ba mugu ba ne. Mutum ne dai mai son a nemi izininsa a kan komai. Ko suna za a shiga a gidan da ke jikin katangarsu, sai Gwaggo ta tsaya ta jira ya gama sauraron rediyo ya gyaɗa kai. Shi a tunaninsa, ɗakin nan wurin da matarsa ke koya wa yara haƙuri ne, kuma yakan yi alfahari da hakan a majalisa. Gwaggo ta bar shi da tunaninsa har ya koma ga Allah. Gaskiyar ita ce wasu sun koma, wasu ba su koma ba. Waɗanda suka koma, maza suka ce aikin Gwaggo ne. Waɗanda suka ƙi, aka ce taurin kai ne suka gado daga wajen uwa.

Ni ma na kwana a ɗakin. Shekarata ta shida da aure, mijina ya ce in ajiye aikina na Abuja, wai cunkoson hanya yana sa tuwo ya makara. Na haɗa kaya na taho Wambai ina huci. Na zaci za ta rungume ni, ko ta zage ni, ko dai wani abu. Ta dube ni, ta dubi jakata, ta ce akwai sabulu a banɗaki. Da la'asar ta turo min littafi da alamar tsinke a ciki.

Labarin matar wani ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne a wata ƙasa mai sanyi. Kullum da rana takan kai wa mijinta abinci tasha, ba ta taɓa fashi ba, ko ana ruwa. Mijin yana nuna ta ga abokan aikinsa yana cewa babu mace mai kula kamar tasa. Bai san cewa ba don shi take zuwa ba. Jiragen take zuwa kallo, har ta haddace lokacin tashin kowanne da sunan duk garin da zai tsaya. Wata rana ta ajiye masa abincin, ta zagaya ta taga ta yanki tikiti. Na juya shafi. Babu.

Na fito da littafin a hannu kamar zan jefe ta da shi.

"Gwaggo, don girman Allah, ba wasa na zo yi ba. Aurena ne. In koma ko kada in koma?"

"Ni malamar adabi ce, 'yar nan, ba alƙali ba. Matar ta yanki tikiti. Ke a ina za ki tsaya?"

A nan ne na faɗi maganar da har yau take cina. Na ce, "Ke da kika shekara talatin kina jiran a gama jin rediyo kafin ki shiga gidan suna, me kika sani a kan tafiya? Ko ƙofar gida ba ki taɓa tsallakewa da fushi ba, sai yanke littafi."

Ta cire tabarau ta goge da gefen zane, ta mayar. Sannan ta ce, "Tuwonki zai huce." Ta shige ɗakinta.

Kwana goma sha ɗaya na yi. A rana ta goma, don dai ta ƙyale ni, na ce mata matar ta hau jirgin, ta sauka a gari na gaba, ta dawo da yamma, kuma gobe ma za ta sake hawa, mijin ya sani ko ya ƙi sani. Gwaggo ta ce, "Uhm." Abin da ta ce ke nan. Washegari na zare sakata, na gaya wa mijina sharaɗina da bakina, na koma da aikina a hannu. Har yau ina bin motar Abuja kullum safe. A dangi kuwa ana lissafa ni cikin waɗanda Gwaggo ta gyara. Haƙurin waccan maganar ban taɓa ba ta ba. Kullum sai in ce sai ranar da ta daina ba ni haushi, ranar kuwa ba ta zo ba.

Ranar Litinin ta makon rasuwarta, ƙanwata ta iso gidan da 'yarta a baya. A Bagama take aure. Mijinta yana fita aiki Abuja da sassafe, kuma ya ɗauki al'adar datse ƙofar gida da kwaɗo ta waje, ya tafi da makulli, sai magariba. Ta yi shekara tana haƙuri ba ta gaya wa kowa ba. Sai ranar da zazzaɓi ya kama yarinyar har ta fara sanƙarewa, wayarsa ba ta shiga. Ta kan katanga ta miƙa 'yarta ga maƙwabta suka kai ta asibiti, ita tana ciki tana jijjiga ƙofa. Da yarinyar ta warware, ta jira ranar da ya manta bai datse ba, ta fito.

Gwaggo ta ba ta ɗakin, ta ba ta sabulu, ta ba ta labarin matar mai tikiti. Ranar Alhamis da hantsi tana zaune a kujerarta da jarida a cinya, aka kawo mata koko aka tarar ta tafi. Haka kawai, ba jinya, ba sallama, ba wasiyya. Ta bar ƙanwata a tsakiyar kwanakinta bakwai ta yi tafiyarta, kamar yadda ta saba barin mutane a tsakiyar labari. Allah Ya gafarta mini, har a kan gawarta sai da na ji haushinta.

Ranar Asabar aka yi addu'ar uku. Ana shafa fatiha, na ga Baffa, ƙanen babana wanda shi ne babba yanzu, ya shigo tsakar gida. Mijin ƙanwata yana bayansa ya sunkuyar da kai, da wasu dattawa biyu. Tun daga yadda Baffa ya gyara babbar riga na gane abin da ya kawo su. Ya tsaya a gaban ɗakin, ya ɗaga murya yadda matan da ke zaune za su ji.

"Jama'a, kowa ya san baiwar Allahn nan. Aure bai taɓa mutuwa a hannunta ba. Ba zai yi kyau a ce an tashi daga zaman makokinta da yaji a gidanta ba. Albarkacin mamaciya, yarinya ta fito ta bi mijinta, shi ne abin da za ta so."

Mata suka hau cewa gaskiya ne, Allah Ya saka. Ta tagar ɗakin na hango ƙanwata ta miƙe tana naɗe zanin goyo. Wa zai iya cewa a'a ga mamaci a gaban mutum hamsin? Ni ma da fari ban motsa ba. Baffa ne fa, shi ya ɗaura min aure. Amma jin an sa sunan matar nan ana murɗa shi kamar tsumma ya fi ƙarfina. Na tashi na je na durƙusa a gabansa, a daidai bakin ƙofar.

"Baffa, Allah Ya ƙara girma. Albarkacin Gwaggo ka ce?"

"Shi na ce."

"To ƙa'idarta kwana bakwai ce. Litinin yarinyar nan ta zo. Yau shida."

Mijin ƙanwata ya matso. "Wallahi Yaya, ba wulaƙanci ba ne. Saboda security ne, kin san yadda gari ya zama."

"Ranar da 'yarka ta sanƙare, security ɗin ne ya kai ta asibiti?"

Ya koma bayan Baffa. Baffa ya dube ni, ya dubi matan da yanzun nan suka gama tabbatar masa cewa duk abin da Gwaggo ta yi daidai ne. Shi da bakinsa ya yabi hanyarta, ba shi da inda zai bi ya ce a tsallake ta. Ɗaya daga cikin dattawan ya yi gyaran murya ya ce ai kuwa haka take yi, shi ma ya taɓa shan ruwan zauren nan sau uku.

"To gobe ke nan," in ji Baffa, ransa a ɓace.

"Gobe sai ku zo ku yi sallama, Baffa. In ta zare sakata, ku yi magana. In ba ta zare ba, akwai ruwa a zaure."

Ban rufe baki ba muka ji ƙarar ƙarfe a bayana. Ƙanwata ce ta tura sakatar, ta rufe ƙofa. Tsakar gidan ya yi tsit, har Maman 'yan biyu ta ce "Ehen!" ita kaɗai, ta kama bakinta.

Da la'asar, bayan mutane sun ragu, na shiga ɗakin Gwaggo neman zannuwan da za a bayar sadaka. A ƙasan akwatinta na ci karo da wani tsohon gwangwanin biskit. Na buɗe. Shafuka ne, ɗaruruwa, duk masu gefe ɗaya a miƙe, da rezar a naɗe cikin takarda. Ashe ba ta taɓa zubar da ko ɗaya ba. Shekara talatin ina roƙon matar nan, abin yana ƙarƙashin zannuwanta!

Na zauna a ƙasa na tona har na samo na matar mai tikiti. Marubucin ya sa ruwan sama ya jiƙe ta a bakin tasha, ta kwanta ciwo, ta mutu. Aka tsinci tikitin a cikin tsumman da take naɗe kwanon abinci, mijin ya zaci na wani fasinja ne ya jefar. Ya tsaya a gaban masu gaisuwa yana cewa irin matarsa sun ƙare. Na yi tsaki ni kaɗai. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Gwaggo ta yi gaskiya.

Sai na lura da rubutu a gefen shafin. Da jan biro ta rubuta abin da kowace mace ta ce mata, ba suna, sai dangantaka. Matar ɗan ƙanena ta ce kaza. Maƙwabciya ta ce kaza. Na ga nawa: 'yar ƙanena babba ta ce ta hau, ta dawo da yamma, gobe za ta sake. Ta ja layi biyu a ƙarƙashinsa, irin wanda take ja wa amsar da ta burge ta, wanda ban taɓa samu a ajinta ba.

A can sama kuma akwai wani layi da shuɗin tawada da ya koɗe, ya girmi sauran duka. Ta rubuta: "Ni: na je gida da hantsi, Baba ya mayar da ni kafin la'asar. Babu ɗaki."

Dattijon Sabon Wuse bai yi ƙarya ba. Ba a taɓa zuwa bikonta ba, domin an mayar da ita tun kafin mijin ya san ta fita. Kuma ita ce na tsaya a kanta na ce ba ta taɓa tsallake ƙofa ba, ta ce min tuwona zai huce.

Na ɗauki shafin na je na ƙwanƙwasa wa ƙanwata.

"Ni ce. Na samo ƙarshen labarin nan. Kina so?"

Ina jin yarinyar tana wasa da buta a ciki.

"Bar shi, Yaya," in ji ta. "Ban gama nawa ba."

Na zauna a bakin ƙofar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Yau an yi arba'in. Ƙanwata tana ɗakin. Mijinta ya sha ruwan zaure sau biyar, a zuwansa na ƙarshe ya aiko da kwaɗon a leda, ta ajiye shi a kan taga. Jiya ta tambaye ni ko ta koma. Na buɗe baki zan ba ta amsa, domin ina da amsa, sai na ji tambayar nan mai ban haushi ta fito daga bakina. Ta harare ni irin hararar da na sha yi. Kullum daga aiki nan nake fara sauka, rezar tana jakata, ban nemi aikin nan ba kuma ba a tambaye ni ba. Halin Gwaggo ke nan.

Gwaggo, ki yafe mini maganar nan. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya ba ki ɗaki mai faɗi wanda babu mai mayar da ke daga cikinsa kafin la'asar.